Babana Ya Samu Teburi a Milano, Yayana Zai Zo Ɗaukarsa

Gwaggo Ottavia,

Laraba. Kai takalman Baba wurin mai gyara, a sake musu ƙasa.

Da wannan layin na buɗe littafina yau da safe, domin tun ina makarantar sakandare nake rubuta aikin farko na kowace rana kafin in sha kofi. Na fara wasiƙar da shi ne don ban san ta inda zan fara ba. Na daɗe ina karanta shawarwarin da kike ba mutane a shafinki na jarida, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen wata. Na ci wata nasara da ban taɓa cin irinta ba a rayuwata, amma yayana ya ce abin kunya na aikata. Ni kuwa irin matan nan ce da in aka gaya musu magana da ƙarfi sai su fara yarda.

Shekaruna arba'in da uku, ban yi aure ba, ina aikin guga a wani gidan wanki a unguwar Lambrate, nan Milano. Asalinmu 'yan Kalabriya ne, can kudancin ƙasar, daga wani ƙauye da ke kan dutse. Mahaifiyarmu Filomena ta rasu bara da kaka. Mu biyu ta bari, ni da yayana Nicodemo wanda yake aiki a wata masana'anta a Stuttgart, can ƙasar waje, tare da iyalinsa. Bayan jana'iza muka ga ba zai yiwu a bar Baba Saverio shi kaɗai a gidan ba, ga shekaru sun kusa tamanin. Aka yanke ya fara zama a wurina.

Ya zo da akwati ɗaya da kwali ɗaya. A cikin kwalin akwai kwalaben yalo da Mama ta jiƙa a man zaitun da barkono da tafarnuwa, aikin hannunta na ƙarshe. Ya tura kwalin ƙarƙashin gado, ya ce kada wanda ya taɓa.

Daga nan ya daina cin abinci. Ba ƙi ya yi da faɗa ba. Zan dawo daga aiki in dafa, in zuba, ya juya cokali sau biyu ya ce, "Na ƙoshi, 'yata, Allah ya yi albarka." Na san ban iya girki kamar Mama ba, ko kusa. Na gwada miyar wake yadda take yi, na kira wata ƙanwarta a waya tana faɗa mini ina zubawa, duk a banza. Wandonsa ya fara zamewa, har na kama shi yana huda bel ɗinsa da ƙusa a baranda. Wuni yake yi a kan kujera yana kallon rufin gidajen mutane. Likita ya auna komai ya ce jikin ba shi da ciwo, sai dai in aka ci gaba a haka ciwon zai zo. Ya ce in fitar da shi cikin jama'a, wataƙila in ya ga ana ci ya ci.

Kin san albashin mai guga, kin kuma san Milano. Gidajen abincin tsakiyar gari ba namu ba ne. Sai na ɗauki abin kamar aiki. Duk wanda ya kawo wanki na tambaye shi inda yake ci mai araha. Na tambayi direbobin bas, na tambayi magina, na tambayi mai kawo mana sabulu. Kowane mako na kai Baba wuri ɗaya, na dawo na rubuta abin da ya faru.

Na fara da wuraren abincin rana na ma'aikata, inda ake ba ka taliya da nama da ruwa da kofi a kuɗi ɗaya. Abincin ba laifi. Baba ya dubi mutanen ya ce, "Waɗannan korarsu ake yi ne?" Bai ci ba. Na kai shi wani wuri a bayan tashar jirgin ƙasa da kowa yake yabon arharsa. Ya ɗanɗana taliyar ya ce an dafa ta har ta manta garinsu. Na kai shi bakin magudanar ruwa ta Navigli da yamma, don an ce can ne ake cin ƙoshi da kuɗin abin sha. Kiɗa kamar zai fasa kunne, ɗalibai suna ture juna a kan soyayyen dankalin da ya huce tun azahar. Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ni gida, ban yi wa kowa laifi ba." A wannan yawon dai na koyi wasu abubuwa. Wurin da aka manna hoton abinci a ƙofa, wuce shi. Wurin da wani ya tsaya yana kiran mutane, wuce shi. Nemi inda tsofaffin unguwa suke zama, ka kuma je da zarar an fito da abincin, tun yana da zafi. Na koyi duk wannan, amma Baba bai ƙara ko cokali ɗaya ba.

Shagon Luisella ba ya ma cikin waɗanda aka gaya mini. Ruwan sama ne ya koro mu ciki wata yamma muna dawowa daga kantin magani. Ƙaramin wuri ne kusa da gadar jirgi, da safe kofi, da yamma aperitivo, wato abin sha da abin taɓawa. Mun tarar ana jera farantai a kan dogon teburi: taliya mai zafi, ƙwai da kabewa, zaitun, cuku, burodi, shinkafa mai sanyi. Na saya masa ƙaramin kofin jar giya, ni na ɗauki ruwan lemo mai ɗaci, na ce ya tashi ya ɗebi abin da yake so.

Ya ce, "Bikin wa ake yi?"

Na ce ba biki ba ne.

"To wa ya mutu?"

"Baba, ba wanda ya mutu. Haka ake yi a nan. Ka sayi abin sha, ka ci abin da ke kan teburi."

"Wato sadaka. Ni Saverio ban kai ga cin sadaka ba tukuna."

Na yi ta bayani cewa kuɗin abincin yana cikin kuɗin abin shan. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ke dai kin yi makaranta amma wayo bai biyo ki ba. Wa yake sayar da ruwa ya ba da taliya kyauta? Wannan teburi yana da mai shi. Nuna mini mai gidan."

Kafin in hana shi ya miƙe, ya cire hula, ya nufi kanta. Luisella gajeriyar mace ce mai kimanin shekara sittin, haifaffiyar Milano, muryarta kamar ta mai kiran fasinja. Baba ya faɗa mata sunansa da sunan ubansa da sunan ƙauyenmu, ya yi mata godiyar karɓar baƙi. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "To, madalla. Farantai suna can." Ya ɗauki zaitun ƙwaya ɗaya don kada a ce ya raina, ya ci, muka fito. Muka taka har ƙofar gida. Ya ce, "Yau kin kunyata ni. Kin kai ni gidan mutane hannu rabbana."

A daren na rubuta cewa na gaza, zan daina.

Washegari na dawo daga aiki na same shi ya yi aski, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, wani abu ya turo ta gefen ƙirji. Ya ce, "Mu je." Ban tambaya ba. Muna shiga ya wuce kai tsaye zuwa dogon teburin, ya ture farantin zaitun gefe, ya fito da kwalbar Mama ya ajiye a tsakiya. Ya buɗe murfin, ya zaro cokalin gidana daga aljihu ya soka a ciki.

Luisella ta ƙwala ihu daga bayan kanta. "Kai, kai, kai, Kawu! Me kake yi? So kake duba-gari su rufe mini shago?"

Baba ya ce, "Duba-gari? Matata ta shekara hamsin tana yin wannan, ko ciwon ciki ba wanda ya taɓa yi. Wannan da kika ajiye nan, mene ne sunansa?"

"Shinkafa ce da kayan lambu."

"Allah ya ba ta lafiya."

Shagon ya ɗauki dariya. Ta fito tana goge hannu tana cewa, "Ku 'yan kudu, ko ɗakin tiyata za a shiga da ku sai kun ɓoye kwalba a hammata." Ya ce, "Ku kuma 'yan arewa kuna cin abinci a tsaye kamar dawakai, sannan ku ce mu ne ƙauyawa." Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige. Ta fizge kwalbar ta yi kicin da ita, ya bi ta a baya yana faɗa. Na zauna na riƙe jakata, ina jiran a zo a ce mu fita kada mu ƙara dawowa.

Da na ji shiru ya yi yawa sai na leƙa. Gwaggo, ga abin da na gani. Luisella da kukunta Girgis, wani Bamisire da ya daɗe yana aiki da ita, sun tsaya a kan kwalbar kowa da gutsuren burodi yana dangwala. Baba yana tsakiyarsu yana bayanin yadda ake danne yalo da dutse kwana guda don ruwan ɗacin ya fita. A hannunsa akwai burodi. Yana magana yana ci. Mai yana bin haɓarsa bai ma sani ba. Luisella ta tambaye shi da cikakken baki, "Yaya sunan matar taka?" Ya ce, "Filomena." Ta ce, "Allah ya jiƙan Filomena. Wannan ba girki ba ne, rashin mutunci ne ga sauranmu." Sai na ji dariyar Baba, wadda rabona da ita tun kafin Mama ta kwanta.

Ya fito ya ɗauki faranti ya cika. Ya cinye ya ƙara. Har shinkafar da ya yi wa addu'a sai da ya ci. Ni kuwa na shiga bayan gida na yi kuka na wanke fuska na dawo.

Tun daga ranar abin ya zama tsari. Luisella ta ce kwalba ba za ta ƙara hawa teburin jama'a ba, doka ce, kuma ba ta wasa da ita. Amma akwai wani ɗan teburi kusa da ƙofar kicin inda tsofaffin unguwa suke zama, ita ma can take hutawa. Nan ya zama wurin Baba. Jefi-jefi yakan kawo kwalba ɗaya su buɗe a tsakaninsu. Da la'asar kuma yana zuwa ya zauna a bakin kicin yana ba Girgis umarni. Ya koya masa soyayyen tattasai da dankali irin na garinmu, yanzu duk Alhamis shi ake fitarwa, kuma mutane suna tahowa daga wasu unguwanni saboda shi. Kullum faɗa suke. Girgis ya ce, "Kawu, man nan ya yi yawa." Baba ya ce, "Ba man ne ya yi yawa ba, tsoro ne ya yi maka yawa. Zuba!" In ya ga wani saurayi ya tsaya yana tsintar abinci da tsinke, sai ya ce, "Ɗana, zauna, ba wanda zai sace maka ƙafafu." Ya san sunan kowa. Ya san wanda matarsa ta gudu da wanda ya rasa aiki, kuma yana lura da farantinsu.

Bel ɗin ya koma raminsa na da. Likita ya duba ma'auni ya dube ni ya ce, "Me kike ba shi?" Na kauce wa tambayar. Yanzu ba ya ma jirana, da ƙafa yake tafiya da ƙafa yake dawowa, abin da ya cinye ƙasan takalman ke nan. Ba zan ɓoye miki ba, ina alfahari. Ni da ba na gama abu ba tare da na sake dubawa sau uku ba, ni ce na nemo wannan ƙofa, ko da yake ruwan sama ya taya ni.

To ga inda matsalar ta taso. Wata Alhamis wani ya ɗauki hoton Baba yana dariya, farantin roba a hannunsa, kwalbar Mama a buɗe a gabansa. Don murna na tura wa Nicodemo. Ko minti biyar ba a yi ba ya kira.

"Wannan kwalbar Mama ce?"

Na ce eh.

"A mashaya? Kin bari an rarraba wa mashaya giya aikin hannun Mama na ƙarshe?"

Na ce, "Yaya, Baba ne da kansa ya kai. Kuma ba mashaya ba ce irin wadda kake tunani."

"Mutumin da duk Lahadi rabin ƙauye yake ci a gidansa, yau shi ne yake bin layi da farantin roba kamar ɗalibi? Ba ki da tukunya ne? In ba za ki iya ba ai sai ki faɗa."

Na ce ya ƙara ƙiba, yana barci, yana dariya. Ya ce, "Soye-soye da gishiri kullum, ga hawan jini, ga babban titi yana tsallakawa shi kaɗai. Ranar da ya faɗi a hanya kina can kina guga, wa zai ɗauke shi? Ita mai shagon?" Sannan ya tambaya kwalba nawa ta rage. Na ce ɗaya. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Da ya dawo sai ya ce ya riga ya gyara ɗaki a ƙasa wanda ba sai an hau bene ba. Akwai lambu, matarsa tana gida, jikoki suna nan, za a zauna a teburi a ci abinci kamar mutane. Zai zo ƙarshen wata da mota, kuma ba zai koma shi kaɗai ba. Kwalbar ƙarshe kuwa kada a kuskura a buɗe.

Tun ranar ba na barci sosai. Da na ce ba shi da gaskiya sai in tuna gishirin. Da na ce ni ce mai gaskiya sai in tuna titin. Akwai kuma abin da yake ci mini rai wanda ban gaya wa kowa ba: watanni na yi ina dafa wa mahaifina abinci ya ƙi, wata baƙuwa ta daka masa tsawa ya ci. Wataƙila Nicodemo ya faɗi gaskiya, ban iya riƙon uba ba, na dai samu inda zan ajiye shi da araha. Amma kuma na ga yadda yake a kan kujerar baranda, shi bai gani ba. A Stuttgart Baba ba ya jin yarensu, ko gaisuwa. Ina tsoron a zaunar da shi a kyakkyawan teburi ya juya cokali sau biyu ya ce ya ƙoshi.

Ban gaya wa Baba komai ba. Na san shi. In ya ji babban ɗansa ya yanke magana, zai ce, "Duk yadda kuka ga ya dace," don kada ya zama sanadin faɗa, ya haɗa akwatinsa ya shiga mota.

Na yi tunanin in ɗauki hutu a makon da zai zo ɗin, in dafa abinci iri uku kullum, in hana Baba fita, Nicodemo ya ga gida kamar gida ya haƙura. Na yi tunanin in tsaya in yi faɗa da shi, abin da ban taɓa yi ba tun muna yara. Na kuma yi tunanin in bari kawai, tunda gidansa ya fi nawa. Wanne zan yi? Ko ni ce nake son kaina, don wannan ne abu ɗaya da na taɓa yi ya yi kyau?

Ki gafarce ni, wasiƙar ta yi tsawo. Ga abin da ya rage mini na gobe, kamar yadda na rubuta shi:

Aron katifa wurin maƙwabciya saboda Nicodemo.

Sake ƙwan fitilar matakala.

Karɓo sakamakon gwajin jini.

Gaya wa Baba cewa ba ziyara kawai Nicodemo zai zo ba (an ɗago daga jiya, jiya ma daga shekaranjiya).

Taki,
Mai guga daga Lambrate

*

'Yata mai guga,

Kafin komai, barka. Kin karɓi tsoho yana narkewa a kan kujera, yau yana yi wa kuku tsawa a kan mai. Ki daina ba ruwan sama ladan. Ruwa ya sha korar mutane cikin shaguna, ba kowa ne ya fito da uba mai cin faranti biyu ba. Ke ce kika yi ta yawo da shi mako bayan mako, ke ce kuma kika bi shi washegari ba tare da tambayar abin da ke cikin kwat ba.

Ki kuma cire wa ranki batun girki. Ba gishirin miyarki ne ya hana shi ci ba. Mutumin da ya saba a ci a gidansa, rana ɗaya ya wayi gari shi ake zuba wa, ba shi da abin miƙa wa kowa. Ko sarkin kuku ne ya dafa, da ƙyar zai wuce masa. A shagon nan ya samu waɗanda zai ciyar, shi ya sa ya iya ci. Ki riƙe wannan da kyau, don shi ne hujjarki mafi ƙarfi gaban yayanki.

Yanzu bari in tsaya wa Nicodemo kaɗan, don ba mugu ba ne. Ke kin yi makokinki kusa da Baba, shi ya yi nasa a ƙasar mutane ta waya. Rana ɗaya ya buɗe hoto ya ga baƙi suna cin abin da uwarsa ta yi da hannunta, shi ko ɗanɗano bai samu ba. Shirun da ya yi da kika ce saura ɗaya, ki saurare shi fiye da duk maganganun da ya faɗa. A kan wannan kaɗai ki ce masa, "Yaya, ya kamata mu tuna da kai." Ba ki yi laifi ba, kwalaben na Baba ne, amma kalmar ba za ta rage ki da komai ba.

Batun gishiri da titi ma gaskiya ya faɗa, sai dai maganinsu bai kai a kwashe mutum zuwa wata ƙasa ba. In kin je karɓar sakamakon jini, ki gaya wa likita ainihin abin da Baba yake ci, ki bar kauce wa tambaya. Ki ba Luisella lambar wayarki da ta wurin aikinki. Ki bi hanyar da shi sau ɗaya ki ga inda yake tsallakawa. Kwana biyu a mako ku ci a gida, amma shi zai ba da umarni ke ki riƙe cokali, tunda an gano haka cikinsa yake buɗewa.

Dabarar dafa abinci iri uku ki hana shi fita, ki manta da ita. Za ki gaji, Baba zai koma juya cokali, Nicodemo ya ga tsoho marar ci ya ce ga shaida. Faɗa ma ba ki buƙata. Bari kawai kuwa ba naki ba ne da za ki bari, kamar yadda ba na yayanki ba ne da zai ɗauka. Baba ba kaya ba ne. Aikin nan da kike ta ɗagawa, ki yi shi yau. Kada ki ce masa Nicodemo ya yanke. Ki ce Nicodemo yana gayyatarsa, ke ma kina so ya zauna, kuma duk wanda ya zaɓa ba za ku yi faɗa ba. In ya ce duk yadda kuka gani, ki ce ba ku gani ba, shi kuke jira. Ki kuma shirya zuciyarki, domin yana iya ba ki mamaki ya ce yana son jikokinsa. In haka ne, ba ki faɗi ba. Akwai ma hanya ta tsakiya: ya je can wata ɗaya lokacin da yalo ya nuna, ya sa jikokin su yanka su danne su cika kwalabe. Zai tafi a matsayin mai koyarwa, ya dawo da abin kai wa teburinsa.

Kwalbar ƙarshe abinci ce, ba za ta zauna har abada ba. Ki duba ta da kyau. In murfin ya kumbura ko kin ga kumfa, kada wanda ya ɗanɗana. In lafiya take, ki ba Baba shawara a buɗe ta a gida, ku uku, ranar da Nicodemo ya iso, a fara miƙa masa.

Sannan ki roƙi yayanki abu ɗaya tak: ya kwana har Alhamis. Kada ki yi masa bayanin shagon, kada ki kare shi. Baba ne zai kai shi, ke ki biyo daga baya. Ya ga wanda ake tashi a ba kujera, ya ji yadda ake kiransa. Abin da ya gani a hoto dattijo ne a layi. Bari ya gani da idonsa ko haka ne.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki ɗauke shi da wasa. Na san mazan kudu, ni ma ɗaya na aura. Da an gama ci Nicodemo zai zabura ya nufi kanta da walat a hannu, yana ganin girmamawa ce. Ki riƙe masa hannun riga, in ta kama ki taka masa ƙafa. Ki bar Baba ya tashi a hankali, ya gyara kwat, ya je ya biya wa 'ya'yansa biyu a gaban mutanensa. Bayan nan, in Nicodemo yana da bakin da zai ce masa ya shiga mota, sai ya faɗa mu ji.

Allah ya ƙara wa Baba Saverio lafiya da daɗin baki, ya jiƙan Filomena, ya haɗa kanku. Ke kuma ya ba ki barci mai nauyi.

Gwaggo Ottavia